Gwiwar Jaki

Ni dai Allah ya sani ban nemi shiga wannan magana ba, jawo ni aka yi, kuma har sau biyu. Na biyun shekaranjiya ne. Ina zaune ƙofar gida ina jan carbi ina gyangyaɗi, sai ga yaran lameri, wato ma'aikatan magajin gari, su uku da riguna masu walƙiya da wata na'ura mai ƙafa uku, wai an ce musu ni ne tsohon da ya rage wanda ya san dalilin da ya sa ɗan kanal ɗin da ke kwashe ruwan unguwarmu ya yi gwiwa a bayan tashar kamyo, inda manyan motoci ke tsayawa. Suna so su miƙe shi. Na ce su je su tambayi wanda ya lanƙwasa shi. Suka ce ai an ce kai ne. To kun ji. Mutum ya tsufa haƙora sun zube, amma laifinsa na nan da haƙoransa talatin da biyu.

Wanda bai san Gaya ba, bari in kwatanta masa. Babban kanal yana saukowa daga gindin dutse, ya ratsa gari, ya faɗa gulbi. Namu reshe ne kawai, ɗan tsito, an haƙa shi ƙarshen zamanin Anasara don ya kwashe ruwan unguwarmu ya kai wa babban. Yana tafiya tiryan-tiryan kamar an ja da zare, sai ya iso bayan gidanmu ya karkace hagu, ya yi nasa wuri zuwa gulbi. Wannan karkatar ita ake ce wa Gwiwar Jaki. Yau in ka leƙa ba za ka ga ruwa ba, baƙar leda za ka gani da robobi da baƙin man da masu gyaran mota ke zubarwa, ga sauro kamar hayaƙi. An shafe shi da siminti, an rufe rabinsa, an gina shaguna a kai. Mai sayar da waya yana zaune bisa ruwa bai san da shi ba sai ranar da ya shigo masa. A da kuwa, in aka yi ruwan farko, kunnenka ne zai gaya maka: kwaɗi su ɗauka daga nan har gulbi, jakan zango su amsa, mata su fito da kwarya suna kwashe yashin da ruwa ya kawo don wanke tukwane. Ba a yi gada ba tukuna, bak ne, jirgin fito, ke ƙetarar da mutane da motoci, in ya busa ƙaho duk gari ya san hantsi ya yi. Yanzu ƙahon kamyo ba ya gaya maka lokaci, hana ka barci kawai yake.

Lokacin ni saurayi ne, gemu bai gama shawarar fitowa ba. Na yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, aka kore ni don na kwaikwayi tafiyar mushe, wato malaminmu, a bayansa, ya waiwayo ina tsakiyar yi. Abin da na fito da shi bai wuce ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Faransanci ba, sai zagi kamar guda bakwai. Unguwa ta sa mini suna Rabin Mushe. Aikina zama bakin kasuwa ina tsokanar masu wucewa, in yunwa ta kama ni in nufi wurin kakata Hajo, wadda ta haifi uwata kuma ta riƙe ni tun ina rarrafe. Kifi take soyawa a bakin bak. Duk wanda ya ƙetare gulbin nan, ko da akuya ce, sai ya bi ta gaban kaskonta. Gidanta na ƙarshen unguwa, ɗaki ɗaya na ƙasa da madafa da katanga, bayan katangar kuma zango ne inda masu jakan gishiri ke sauka. A ɗakin nan aka yanke mini cibiya. Duk abin da ta mallaka a duniya yana cikinsa.

Da aka tashi haƙa reshen, aka turo mai awo, wani mutumin Dahome mai gajeren wando da doguwar safa. Muna ce masa Mushe Mai Madubi, don kullum idonsa na cikin wani madubi mai ƙafa uku. Kwana biyar yana leƙe yana ɗaga hannu, yaransa suna kafa turaku a jere, tun daga saman unguwa, ta tsakiyar zango, har babban kanal. Turakun kirya ne, an fere su sumul, an shafa wa kansu jan fenti, kowanne da lambarsa. Aka sa mai shela ya zaga da gardi, dogarin Anasara, a bayansa: duk wanda ya taɓa turken Anasara, sai kaso, gidan yari. Sai kumandan, Banasaren da ke mulkin gari, ya fita rangadi. Washegari Mai Madubi ya ce wa mai unguwa an kira shi Dosso, masu haƙa su fara, shef ɗinsu ya san abin yi.

Da marece Kaka ta dawo da tirenta tana murmushi ita kaɗai.

"Angona," ta ce, don haka take kirana, "kai da ka sha lakwal, Dosso ta koma hayin gulbi ne?"

"Amarya, tsufa ya fara taɓa ki. Dosso arewa take."

"To Mai Madubinku kudu ya yi, ya hau bak zuwa ƙasarsu. Ya sayi kifi biyar wurina, ga sabon akwati, ga turmin atamfa a hammata. Wagga ba tafiyar aiki ba ce, wurin mace za shi."

Muka yi dariya muka bar maganar. Ina ruwanmu.

Kwana biyu bayan haka Kawu Illo ya iso daga Bengou da ayarinsa. Ɗan Kaka ne, ƙanen uwata, madugun masu jakan gishirin Fogha, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Bai ji shela ba, yana can daji lokacin da aka yi ta. Suka shigo zango da jakai wajen ashirin, sai suka iske turakun kirya guda takwas a jere, sabbi fil, har da jan kai. Mai jaki da ya saba yawo yana neman reshen da zai fere, ya tarar da wannan, me kuke so ya ce? Suka ce Allah ya yi wa mai unguwa albarka, bana ya tuna da baƙi. Suka ɗaure. Kawu ya girgiza ɗaya ya ji yana motsi cikin yashi, ya ce wanda ya kafa wannan bai taɓa kiwon ko kaza ba. A wurinsu turke mai girgiza abin kunya ne, kamar namiji ya fita da wando ba mazagi. Ya sa aka ɗauko dutse aka bi su ana bugawa. Uku da suka faɗo cikin rana kuma aka tumɓuke su aka mayar ƙarƙashin tsamiya, don jaki ma yana son inuwa.

Da safe mai unguwa ya zo wucewa ya gani. An ce sai da ya dafa katanga. Shi ne jawo ni na farko: ina kwance ina barcin hantsi aka fizge zanen da na rufa da shi.

"Rabin Mushe, tashi. Yau rabin nan naka zai yi amfani."

"Baba, ni rabin da na iya na zagi ne."

"Ka iya lamba ko ba ka iya ba? In gardi ya ga wannan, kawunka kaso zai kwana, jakansa kuma sai dai ya ji labarinsu."

Na je. Na karanta lambobin da ƙarfi da Faransanci don a san ba a banza aka kore ni ba. Na jera su daga sha biyu zuwa sha tara, na auna tsakaninsu da taki kamar yadda na ga na sama suke, na rufe ido ɗaya na daidaita layin. Muka share kashin jakai, muka watsa yashi. Na cikin yashi sun nutse sai jan kan kawai ake gani. Biyun ƙarshe kuwa sun faɗa kan marmara, suka ƙi shiga, suka tsaya tsayin taƙi guda a sama. Na ce ba komai, ai layi ya miƙe. Mai unguwa ya shafa kaina, abin da bai taɓa yi ba. Ranar har naman kai na ci kyauta. Kawu ya kwashe jakansa ya koma, kowa ya ɗinke bakinsa.

Sai da masu haƙa suka iso zango na gane abin da na yi. Ina zaune bisa katangar Kaka ina tsokanarsu, sai na lura da shef. Yana da wata sanda mai tsaga a jiki. Duk turken da suka iso, sai ya ɗora katako a kan jan kan, ya saukar da sandar cikin ramin, ya ce a ƙara ko a tsaya. Ashe ba layi kawai turakun ke nunawa ba. Kan kowane turke shi ke faɗin zurfin da za a haƙa a wurin, Mai Madubi ya bar kowanne da tsayin da ya ga dama ne da gangan. Inda Kawu ya buge su suka nutse, rami ya yi zurfi har ƙirji, daidai bayan ɗakin Kaka. Inda na bar su tsaye kan marmara, ramin bai kai gwiwa ba. Dariyar da ke bakina ta bushe.

Da suka tashi aiki na ɗauki tulun Kaka na sauka ramin, na je wajen marmarar na juye. Ruwan ya tsaya kamar yana tunani. Sai ya juyo, ya biyo baya, ya ratsa tsakanin ƙafafuna, ya je ya kwanta gindin katangarmu.

Washegari na je wurin shef ina wasa-wasa. "Shef, wanga kanal naku ruwa zai hau tudu ne? Ko za ku kafa masa tsani?"

Bai ko ɗago ba. "Ni sanda na sani. Abin da turke ya ce shi na yi."

"In turken ya yi ƙarya fa?"

Sai ya ɗago. Ya dube ni tun daga ƙafa. "Turke ba ya ƙarya sai in an taɓa shi. Ka ga wanda ya taɓa ne?"

Na ce ni wasa nake, ai an san ni. Na tafi ina fito.

Tsofaffi na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To nawa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. In na yi magana, Kawu ya tafi kaso. In na yi shiru, ruwan unguwa gaba ɗaya ya zo ya kwanta bayan ɗakin ƙasa. Na gaya wa mai unguwa a ɓoye, ya ce in rufe bakina, Allah ba zai kawo babban ruwa kafin mai awo ya dawo ba. Kowa a gari yana duban gabas yana roƙon hadari, an gyara gonaki, an fito da iri. Ni kaɗai nake duban gabas ina roƙon kada ya zo. Na daina zuwa bakin kasuwa. Na fara ɗebo duwatsu ina jerawa gindin katanga, wai ina gyara. Kaka ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu.

"Angona da aiki? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ina yi wa gidan amaryata ado."

"Kifi biyu na ba ka jiya, ɗaya ka ci. Kai ba ka barin kifi sai in ka yi ɓarna."

Ban gaya mata ba sai da aka kwana goma, ranar da iska ta juya tana kawo ƙanshin ƙasa daga wajen Tounouga. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta dubi ɗakin, ta dubi ramin. Abin da ta ce kawai shi ne in ɗauko mata galmar kakana daga bayan rumbu in wasa ta.

Ruwan ya zo ranar kasuwa bayan la'asar, ranar da Kawu ya sake shigowa da gishiri. Hadarin ya haɗu baƙi ƙirin bisa dutse, tsuntsaye suka yi tsit, sai iska ta fara ɗaga rufin rumfuna. Masu jakai na ta guje-guje suna rufe gishiri da fatu. Da ya sauko, ba a ganin tsamiyar zango daga ƙofarmu. Na tsaya bakin ramin ina jira. Na ji shi kafin in gan shi, wani gurnani daga saman unguwa, sai ga shi ja wur da kara da tsummoki a kansa. Ya wuce ni, ya je ya bugi marmara, ya tsaya. Abin da tulu ya nuna mini shi ya faru, sai dai wannan karon tulun na Allah ne. Kafin a ce me, rami ya cika, ruwa ya haye baki, ya shanye duwatsun da na jera. Gindin katangar ya yi duhu, duhun yana hawa sama a hankali. Na sa hannu, ƙasar ta biyo yatsuna kamar tuwo.

Daga zango akwai wata tsohuwar hanya da jakai ke bi su sauka gulbi shan ruwa, ƙafafunsu sun cinye ta ta yi kwari. Tsakaninta da ramin bai fi taki goma sha ba. Na yi wa Kawu ihu na nuna masa. Ya gane. Amma mai unguwa ya riga ya iso, rawani a jiƙe, ya tare gabanmu da hannu biyu.

"Kada wanda ya fasa aikin Anasara. Turke kawai kuka taɓa muke ɓoyo, yanzu kanal ɗin za ku sare?"

Mazan suka tsaya da galmuna a hannu. Ba wanda ya motsa. A lokacin ne katangar madafa ta zauna, ba ƙara, kamar tsohuwa ta gaji da tsayuwa, tukwane suka bi ruwa. Saura ɗakin.

Kaka ta fito, zane ɗaure a ƙirji, ta ratsa ta gefen mai unguwa kamar ba ta gan shi ba, ta ɗaga galmar kakana ta sara bakin ramin. Sara ɗaya, biyu. Na uku galmar ta fi ƙarfinta ta kusa faɗuwa. Kawu ya karɓe ta daga hannunta. Sai kowa ya duƙa. Ni da hannu nake yaƙutar laka, farcena biyu a nan suka tafi. Ba mu kai ƙarshe ba ruwan ya karɓi aikin da kansa, ya fasa sauran, ya kwashe ƙafafuna na faɗi zaune, ya bi hanyar jakai yana ruri har gulbi. Muka tsaya muna kallon duhun nan na jikin ɗakin. Ya kai tsayin ƙuguna, ya tsaya a nan.

Yaran lameri da na kai su nan suka ce to Baba, ai shi ke nan, labari ya ƙare. Na ce ku yaran yanzu ruwa kawai kuke tsoro. Mu a lokacinmu takarda ta fi ruwa cin gida.

Kwana biyu bayan ruwan Mai Madubi ya dawo, ya yi ƙiba, yana ƙanshin turare. Da ya ga gwiwar nan sai da hularsa ta kusa faɗuwa. Aka tara mu a zango, ga gardi biyu. Ya ce layin kumandan miƙaƙƙe ne, gobe da safe a cike wannan ɓarna da ƙasa a mayar da ruwa hanyarsa. Mai unguwa ya ce to. Na dubi gabas, wani hadarin yana haɗuwa. In aka cike gwiwar, ɗakin da ya sha ruwa har ƙugu ba zai ga ruwa na biyu ba.

"Mushe," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "hanyar taka ba ta kai ruwa ko'ina. Tudu ne a tsakiya."

"Kai wane ne? Madubina bai taɓa kuskure ba."

"Madubinka lafiya lau yake. Turakun ne ba inda ka bar su suke ba. Ni na mayar da su."

Na ji mai unguwa ya ja numfashi. Mai Madubi ya taka zuwa turke na sha huɗu, ya duƙa. Kan ya tauje kamar asawaki, ga zoben da igiya ta ci a wuyansa. Ya shafa, ya shinshina yatsansa, ya miƙe a hankali.

"Jaki," ya ce. "An ɗaure jaki a turken kumandan."

Kawu ya matso gaba. "Ni ne. Yaron nan gyara ya yi. Na iske turke a zango na ɗaure, na ji yana motsi na buga. Wanda ba ya so a ɗaure jaki a turkensa ba ya kafa shi a zango."

Wasu suka fara dariya, gardi ya ɗaga bulala suka haɗiye. Mai Madubi ya fiddo ɗan littafi yana rubutu. Ya ce madugu da Rabin Mushe kaso, jakai a kora su bariki, gwiwa a cike ta yau ba gobe ba. Kumandan ya dawo jiya, yanzun nan za mu je gabansa, kowa ya faɗi abin da ya sani. Gardi ya kama hannun Kawu. Ɗayan ya damƙi wuyan rigata. 

Duk wannan abin Kaka tana zaune kan turmi gindin ɗakinta tana kankare kaskon da ta tsamo daga laka. Ta ajiye shi, ta gyara ɗankwali, ta miƙe tana neman takalmi. Abin da ta faɗa shi ya bar gwiwar nan inda take har yau, shi ya sa littafin ya koma aljihu, Kawu ya kwana gida da jakansa.

"Mu je, ɗana, har da ni, tunda kowa zai faɗi abin da ya sani. Yaya mutanen hayi? Kifin nan biyar sun isa lafiya, atamfar ta yi mata kyau?" Ta saka takalmi ɗaya, ta dube shi. "In kumandan ya tambaye ni ina mai turakun yake ranar da aka buga su, ka yi haƙuri. Ni tsohuwa ce, Mushe, ban iya ƙarya da Faransanci ba."